Sarewar Andes: Kiɗan Tsauni da Aka Ɗinka a Birni

Ranar 19 ga Disamba 1913 aka fara nuna wani wasan kwaikwayo mai haɗe da kiɗa a gidan wasa na Mazzi da ke Lima, babban birnin Peru. Sunansa El Cóndor Pasa. Julio Baudouin ya rubuta labarin, Daniel Alomía Robles ya sa masa kiɗa. Labarin wasu leburori ne 'yan ƙasa masu haƙar ma'adinai a kan tsauni, da Turawan da suka mallaki ramin suke gasa musu aya a hannu. Kafin a tashi daga kallo sai da aka kashe iyayen gidan. Ba wanda ya nemi a yi masa fashin baƙi, don a lokacin wani kamfanin Amurka ne ke riƙe da mahaƙan tagulla na Cerro de Pasco, kuma kowa ya san irin zaman da ake yi a can.

Wani kari daga cikin wannan wasa shi ne yau ake sakawa a zauren otal da ɗakin jiran likita don hankalin mutane ya kwanta. Mai saurare sai ya riƙa hango tsaunuka da gajimare da tsuntsu yana shawagi. Shi kuwa tsuntsun, cóndor ɗin da ke cikin sunan wasan, ɗan dangin ungulu ne, sai dai a can ba a raina shi. Fukafukansa in ya buɗe sun kai mita 3, kuma yana cikin tambarin ƙasashe da dama na yankin. Yadda kiɗan da aka yi wa masu tawaye ya koma kiɗan sanyaya rai, shi ne a taƙaice tarihin abin da duniya ke kira kiɗan Andes: gungun maza sanye da bargo mai huda a tsakiya, ɗaya da sarewar kena, ɗaya da ɗan molon da ake ce wa charango, ɗaya da jita, ɗaya da ganga. Kayan kiɗan tsofaffi ne, amma haɗin nasu bai cika shekara 100 ba, kuma a birane aka yi shi, galibi a hannun mutanen da ba su taɓa noma dankali a kan dutse ba.

Tsufan kayan ba abin musu ba ne. A kufan Caral, arewa da Lima, masu tono sun samo sarewa 32 da aka yi da ƙasusuwan tsuntsaye, waɗanda suka haura shekara 4,000. Mutanen Nazca sun bar jerin sarewu na yumɓu. Har yau, a ƙauyukan Aymara da Kechuwa da ke kewaye da tafkin Titicaca, ana busa siku, wato kararen da aka jera aka ɗaure, dogo na bin gajere.

Yadda ake busa sikun ne ya kamata a tsaya a kai. A ƙauye, mutum ɗaya ba ya iya fitar da waƙa da shi. An raba sautukan gida biyu: rabi na cikin jerin da ake kira ira, mai ja gaba, rabi na cikin arka, mai biye. Wannan ya busa sauti ɗaya ko biyu, wancan ya cike gurbin, a haka karin ke fita kamar daga baki ɗaya. Mutum 20 ko fiye sukan yi da'ira suna busawa, wasu na dukan ganga da ɗayan hannun. Thomas Turino, wani masanin kiɗa daga Amurka da ya zauna a garin Conima na lardin Puno a shekarun 1980, ya lura cewa ba tauraro a cikinsu, kuma duk namijin da ke garin yana iya shiga ko da bai ƙware ba. Wanda sautinsa ya yi fice daga na jama'a, shi ne ya yi kuskure. Ban da haka, kowane abin busa da lokacinsa. A arewacin Potosí na Bolibiya ana busa sarewar pinkillu da damina don tana kiran ruwa, da an gama bikin ƙarshen damina sai a ajiye ta. Charango kuwa na rani ne, ana cewa ƙararsa na jawo jaura, ita kuwa jaurar ana bukatarta don daskarar da dankalin da za a shanya a adana. Manomin da aka ce ya haɗa sarewar damina da molon rani a waƙa ɗaya, kamar an ce masa ya rikita shekara ne.

Tsirkiya Sifaniyawa ne suka zo da ita bayan Francisco Pizarro ya kama sarkin Inka, Atahualpa, a 1532. Da aka gano azurfa a dutsen Potosí a 1545, garin ya cika ya batse, jita da danginta suka shigo tare da 'yan kasuwa da limaman coci. 'Yan ƙasa suka ƙanƙantar da ita, suka ɗaura mata tsirkiya 10 biyu-biyu, wani lokaci su yi ƙoƙon da ɓawon armadilo, wata 'yar dabba mai sulke a baya. Shi ne charango, kuma ya daɗe yana matsayin kayan ƙauyawa, wanda ɗan birni mai ji da kansa ba zai yarda a gan shi da shi ba.

Tun a wancan zamanin masu mulki suka gane cewa busa na iya tara mutane. A shekarun 1560 wani motsi mai suna Taki Onqoy, wato ciwon rawa, ya bazu a yankin Ayacucho: mutane na rawa da waƙa suna kiran a watsar da addini da kayan baƙi, coci kuma ta murƙushe shi. Bayan an kashe Túpac Amaru na biyu a dandalin Cusco ranar 18 ga Mayu 1781, hukuncin da jami'in Sifaniya José Antonio de Areche ya yanke bai tsaya kan mutumin ba. Ya hana tufafin sarautar Inka, ya kuma hana busa pututu, ƙahon da ake yi da ƙaton katantanwar teku.

A farkon ƙarni na 20 sai iskar ta juya. Marubuta da masu zane da makaɗan Lima da Cusco suka shiga neman asalin ƙasa a wurin 'yan asalinta. Robles na cikinsu. Ya yi shekaru yana yawo ƙauyuka yana rubuta karin waƙoƙi. Sun yi aiki na gaske, wasunsu kuma sun tsaya wa talaka tsakani da Allah. Amma da yawansu sun fi ƙaunar Inkan da ya mutu a kan ɗan dakon da ke tsaye a bakin ƙofa, kuma sai an wanke kiɗan ƙauye an sa masa kwat kafin ya hau dandamali.

Su kuma 'yan tsaunin ba su zauna jiran a yi musu magana ba. Daga shekarun 1940 suka riƙa kwararowa Lima neman aiki, suka taho da kiɗansu na wayno. Ranar Lahadi sukan cika manyan rumfunan kallo, da asuba kuma gidajen rediyo su saka musu waƙoƙin gida kafin su fita aiki. Mawaƙa irin su Pastorita Huaracina da Jilguero del Huascarán da Picaflor de los Andes sun sayar da faya-fayai masu ɗimbin yawa, marubuci José María Arguedas kuma ya yi ta fafutukar a ɗauke su da daraja. Kiɗansu na goge ne da babbar garayar Turawa, a kwarin Mantaro har da tarin saksofon, muryar matan kuma siririya ce mai tsini. Wannan shi ne kiɗan da miliyoyin 'yan Andes ke ji da gaske, kuma kunnen Turai bai taɓa karɓarsa ba.

Wanda ya karɓa, a wani wuri aka dafa shi. Masanin kiɗa Fernando Rios ya bi sawun abin, ya nuna cewa ya faro ne daga gidajen rawa da rediyon Buenos Aires, inda makaɗan Ajantina da na Bolibiya ke jarraba haɗa kena da charango da jita, sannan ya nuna a Faris. A unguwar ɗalibai ta birnin akwai wata mashaya, L'Escale, matattarar 'yan Latin Amurka. A nan ƙungiyar Los Incas ta samu a 1956, kuma waɗanda suka kafa ta 'yan Ajantina ne biyu da 'yan Benezuwela biyu. Babu ɗan Peru ko ɗan Bolibiya ko ɗaya. Suka sa kena ta zama mai jan waƙa ita kaɗai, suka daidaita sautin da ma'aunin jita, suka yanke kowace waƙa daidai tsawon faifai. Daga baya ma aka haɗe ira da arka a hannun mutum ɗaya, ya riƙa yi wa kansa tambaya yana ba kansa amsa.

Daga nan labarin ya bi ta kan wata soyayya da ta ƙi ci. Violeta Parra, 'yar Chile da ta yi shekaru tana tattara waƙoƙin karkara, ta zauna a Faris da Janeba a farkon shekarun 1960, ta kuma yi kiɗa a irin waɗannan mashaya. Masoyinta Gilbert Favre ɗan Suwizalan ne, mai busa kilarinet, wanda ya koma busa kena. Da zama ya ƙi daɗi tsakaninsu, ya tafi La Paz a 1966, ya faɗa wani sabon gidan kiɗa, Peña Naira, inda shi da gwanin charango Ernesto Cavour da wasu mutum biyu suka zama ƙungiyar Los Jairas. Ƙasar ta riga ta shirya: juyin juya halin 1952 ya ba waɗanda ba su iya karatu ba 'yancin zaɓe, ya raba gonaki a shekarar da ta biyo, gwamnati kuma ta shiga ɗaukar nauyin bukukuwan gargajiya. Duk da haka, sai da masu hali na La Paz suka ga Bature na busa sarewar da suke ƙyama a hannun ɗan aikinsu, sannan suka yi layi suna sayen tikiti. Salon Los Jairas ya zama abin kwaikwayo a ƙasar baki ɗaya. Violeta ta kai masa ziyara La Paz, ta koma Santiago, ta kashe kanta ranar 5 ga Fabrairu 1967.

A Santiago ne kiɗan ya samu katin jam'iyya. Babban birnin Chile na nesa da ƙasar Aymara, arewacin da ake busa kena kuwa da yaƙi aka ƙwato shi daga Peru da Bolibiya tsakanin 1879 da 1884. Kiɗan da ake ɗauka na ƙasa shi ne na mahaya dawakin manyan gonaki, wanda masu ƙasa ke so. Don haka ɗalibin da ya rataya charango ya riga ya faɗi ɓangarensa tun bai buɗe baki ba: yana tare da talaka, yana kallon maƙwabta a matsayin 'yan'uwa, kuma ya juya wa kiɗan Amurka da ya cika rediyo baya. 'Ya'yan Violeta, Ángel da Isabel, suka buɗe gidan kiɗansu a 1965. A shekarar aka kafa Quilapayún, masu baƙaƙen barguna. A 1967 ɗaliban jami'ar fasaha ta gwamnati suka kafa Inti-Illimani, sunan da ya haɗa rana a harshen Kechuwa da tsaunin da ke kallon La Paz. Matasan jam'iyyar kwaminis suka buɗe kamfanin faifai, DICAP. Aka kira abin sabuwar waƙar Chile.

Aikin da ya fi nauyi a wannan zamani shi ne doguwar waƙar da Luis Advis ya tsara, Quilapayún suka fitar a 1970, kan kisan da sojoji suka yi wa masu haƙar nitrat, ma'adinin taki da albarushi, da ke yajin aiki a makarantar Santa María ta garin Iquique ranar 21 ga Disamba 1907. Littattafan makaranta sun yi shiru kan lamarin, faifai ya tono shi. A nan kena ta dace da wurinta, don cikin waɗanda aka harbe akwai 'yan Peru da 'yan Bolibiya. Da Salvador Allende ya ci zaɓe ranar 4 ga Satumba 1970, waɗannan makaɗa ne suka yi masa kiɗan yaƙin neman zaɓe, gwamnatinsa kuma ta riƙa tura su waje a matsayin jakadun al'adu.

Abin da ya cece su ke nan. Ranar 11 ga Satumba 1973, da sojoji ƙarƙashin Augusto Pinochet suka kifar da gwamnati, Inti-Illimani na Italiya, Quilapayún na Faransa. Víctor Jara, mawaƙi kuma mai shirya wasan kwaikwayo, yana Chile. Aka kama shi a jami'ar da yake aiki, aka kai shi filin wasa na Estadio Chile, aka azabtar da shi, aka tsinci gawarsa da raunin harsashi 44. An sa wa filin sunansa a 2003, kuma sai a Agusta 2023, saura kwanaki a cika shekara 50, kotun ƙoli ta tabbatar da hukunci kan tsofaffin hafsoshin da aka samu da hannu.

Bayan juyin mulkin, ba a buga wata doka a takarda ba, amma an tara makaɗa an shaida musu cewa ba a son jin kena da charango. Martanin da ya biyo baya na da ban dariya: wata ƙungiya mai suna Barroco Andino ta shiga kaɗa kiɗan Bach da takwarorinsa na Turai da waɗannan kaya, har cikin coci-coci. Soja ba shi da bakin hana Bach, masu sauraro kuma sun san abin da suka zo ji. Ƙungiyar Illapu, 'yan Antofagasta, suka yi tashe a 1976, a 1981 kuwa da suka dawo daga rangadi aka hana su shiga ƙasar.

Gudun hijira ya yi wa kiɗan tallan da kuɗi ba za su iya ba. Inti-Illimani sun zauna Italiya shekara 15, faya-fayansu suka yi gogayya da na manyan mawaƙan ƙasar, ba su koma gida ba sai 1988. A tarukan ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan gurguzu, daga Rum zuwa Stockholm, jin kena na nufin Chile, ƙasar da akasarin mutanenta ba su tashi da ita ba.

Kafin wannan, wata ƙofar ta riga ta buɗe. Paul Simon ya ji Los Incas suna kaɗa El Cóndor Pasa a Faris a 1965. Aka ce masa tsohon karin gargajiya ne, ya ɗora kalmomin Turanci a kan faifansu, ya fito a kundin Bridge over Troubled Water a 1970. Ɗan Robles, mai shirya fim Armando Robles Godoy, ya shigar da ƙara, don mahaifinsa ya yi wa kiɗan rajista a Amurka tun 1933. An sasanta cikin lumana, aka mayar da sunan mai shi. Leburorin mahaƙar dai ba su shiga sabuwar waƙar ba.

A Afrilun 1973 gwamnatin Bolibiya ta rubuta wa hukumar UNESCO tana kukan cewa ana kwashe kiɗa da raye-rayenta ana sayarwa a waje, tana neman a yi yarjejeniyar kare kayan gargajiya. Masu ba da tarihin hukumar sukan danganta wasiƙar da tashen wannan waƙa, ko da yake karin na Peru ne. Daga nan aka fara doguwar tafiyar da ta kai ga yarjejeniyar 2003 kan al'adun da ake gada baki da baki, wadda a ƙarƙashinta aka sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016, da hawan daba na Kano a 2024. Gwamnatin da ta aika wasiƙar kuwa ta Janar Hugo Banzer ce, wadda a Janairun 1974 sojojinta suka buɗe wuta kan manoma masu zanga-zanga a kwarin Cochabamba. Kare waƙar ya fi mata sauƙi a kan kare masu ita.

Rikicin mallaka bai ƙare ba. Los Kjarkas na Cochabamba suka fitar da Llorando se fue a 1981. A 1989 ƙungiyar Kaoma ta Faransa ta mayar da ita Lambada, duniya ta ɗauka, ba a ambaci masu ita ba, sai da shari'a ta ƙwato musu haƙƙinsu. Su ma Kjarkas ɗin, salon saya da suka jingina waƙar da shi na baƙaƙen fatar Bolibiya ne na yankin Yungas, jikokin bayin da aka kawo daga Afirka, kuma su ba su da lauya a Faris.

A Peru siyasar ta fi ɗaci, kuma a cikin wayno take. Ranar 22 ga Yuni 1969 'yan sanda suka harbe masu zanga-zangar neman ilimi kyauta a garin Huanta, wani malamin makaranta, Ricardo Dolorier, ya yi waƙar Flor de Retama a kan abin. Da yaƙin ƙungiyar Sendero Luminoso ya ɓarke a 1980, 'yan tawaye suka riƙa rera ta, tun daga nan duk wanda ya rera sai a yi masa kallon ɗan ta'adda. Hukumar bin diddigi ta ƙiyasta cewa yaƙin ya ci mutum kusan 69,000, kashi uku cikin huɗu masu magana da Kechuwa ko wani harshen 'yan ƙasa.

Daga shekarun 1980, talauci ya fito da sabon ayari. Samari daga Peru da Bolibiya, musamman kuma 'yan Otavalo na Ekwado, waɗanda dama fatake ne masu sayar da saƙa, suka bazu tashoshin jirgin ƙasa da dandalolin Turai suna busa suna sayar da kaset. Wannan karon 'yan ƙasar ne da kansu, amma salon Faris suke kaɗawa, don shi mai wucewa ya sani. Da kasuwar ta cika, wasu suka ɗaura gashin tsuntsu irin na Indiyawan Arewacin Amurka da ake gani a fim, suka jona na'ura tana ba da amo a baya. Ɗaya daga cikin masu busa a titi, Leo Rojas ɗan Ekwado, ya ci gasar talabijin ta Das Supertalent a Jamus a 2011. A Japan kuwa, garin Kawamata na lardin Fukushima na shirya bikin wannan kiɗa tun 1975, Japanawa ne ke busawa.

Akwai waɗanda suka ja da baya da gangan. Ƙungiyoyi irin su Ruphay da Bolivia Manta sun koma ga busar ƙauye mai kauri, ɗalibai a Lima da La Paz da Buenos Aires suka kafa da'irorin siku na ira da arka, yanzu har da mata zalla. Renata Flores, yarinya daga Ayacucho, ta yi suna a intanet a 2015 da ta rera waƙar Michael Jackson da Kechuwa, daga baya ta koma yin nata waƙoƙin na gambarar zamani a harshen.

Mawaƙiya Luzmila Carpio ta ga duka zangon da idonta. An haife ta a 1949 a wani ƙauyen arewacin Potosí, ta koyi waƙa a bakin mahaifiyarta. Ta sha ba da labarin yadda, tana yarinya, ta je gidan rediyo a Oruro ta fara waƙa da Kechuwa, aka tsayar da ita aka ce ta dawo in ta koyi Sifaniyanci. Ta koya, ta yi suna da shi, sannan ta koma wa harshen uwarta da siririyar muryar nan mai kwaikwayon kukan tsuntsaye. A 2006 Evo Morales, ɗan Aymara na farko da ya shugabanci Bolibiya, wanda shi ma ya busa kakakin Turawa a ƙungiyar badujala yana saurayi, ya naɗa ta jakadiyar ƙasar a Faransa. Ta kama aiki a Faris shekara 50 cif bayan kafa Los Incas.